Gama Pahalwan: Ɗan kokawar da ya kare kambunsa yana da shekara 50

A ranar 23 ga watan Mayun 1960 ne Allah ya yi wa Ghulam Muhammad Bakhsh rasuwa a birnin Lahore na ƙasar Pakistan, kwana guda bayan ya cika shekaru 82 da haihuwa.

Duniya dai ta fi saninsa da sunan Gama, kuma har yau babu wani suna da ya kai nasa girma a tarihin kokawar gargajiya ta Indiya da Pakistan. Ya shafe fiye da shekaru 30 yana karawa da manyan 'yan kokawa na Asiya da Turai da Amurka, ba tare da an kai bayansa ƙasa ba.

Baya ga wannan bajinta, akwai wani ɓangare na rayuwarsa da masu nazarin lafiyar tsofaffi suke waiwaya. Gama ya yi karawarsa mafi shahara ne yana dab da cika shekaru 50, lokacin da galibin 'yan kokawa sun daɗe da kwance ɗamara, kuma ya kai wannan matsayi ne ta hanyar horo na kullum da duwatsu masu nauyi.

Haihuwa da tasowa

An haifi Gama ranar 22 ga watan Mayun 1878 a yankin Punjab, kusa da birnin Amritsar, a zamanin da Turawan Ingila ke mulkin Indiya. Iyayensa Musulmi ne 'yan asalin Kashmir, kuma kokawa gadon gidansu ce.

Mahaifinsa, Muhammad Aziz Bakhsh, ɗan kokawar fada ne a masarautar Datia. A wancan zamani sarakunan Indiya, waɗanda ake kira Maharaja, sukan riƙe 'yan kokawa kamar yadda sarakunan ƙasar Hausa ke riƙe makaɗa da mahaya dawakai. Sarki ne ke ɗaukar nauyin ci da shansu, su kuma su fito da sunan masarautarsa a fage.

Gama yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu. Kakansa na wajen uwa, wanda shi ma ɗan kokawa ne, ya ɗauke shi, bayan rasuwarsa kuma riƙon ya koma hannun kawunsa, Ida Pahalwan, wanda ya fara koya masa sana'ar. Kalmar Pahalwan laƙabi ne da ake yi wa ɗan kokawa a Indiya da Pakistan.

Sunansa ya fara fitowa ne a shekarar 1888, yana ɗan shekara 10, a wata gasar juriya da Sarkin Jodhpur ya shirya. 'Yan kokawa fiye da 400 ne suka shiga, kuma abin da ake so shi ne a ga wanda zai fi daɗewa yana tsugunawa yana miƙewa ba hutawa. Yaron yana cikin mutum 15 da suka rage a tsaye, sai sarkin ya ba shi nasarar saboda ƙarancin shekarunsa. Daga nan ne Sarkin Datia ya karɓi ɗawainiyar horar da shi.

Rayuwa a fagen horo

Wurin da 'yan kokawar Indiya ke horo sunansa akhara. Fili ne na ƙasa mai laushi da ake gauraya ta da mai da nono da kurkum. Tun da asuba ake farawa, kuma aikin farko shi ne a kafce filin da wata babbar fartanya mai nauyi, sannan a ja gungumen icce a kansa don a baje ƙasar.

Manomin da ya saba huɗa da garma a gonakin masara da auduga na Funtua ko Bakori ko Malumfashi ya san abin da irin wannan aiki ke yi wa baya da kafaɗu. 'Yan kokawar Indiya sun ɗauke shi a matsayin wani sashe na horonsu, ba sa barin wani ya yi musu.

Bayan haka sai atisaye iri biyu da su ne ginshiƙin horon. Na farko shi ne baithak, wato tsugunawa da miƙewa. Na biyu shi ne dand, inda mutum zai kifa ciki, ya dafa ƙasa da tafukan hannu, ya riƙa sauke ƙirjinsa yana ɗagowa.

Masu ba da tarihin Gama sun ruwaito cewa a lokacin da yake ganiyarsa yakan yi baithak 5,000 da dand 3,000 a rana, kana ya yi kokawa da abokan horonsa kimanin 40, ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma kayan nauyi. Akwai manyan kulake na icce da ake wulwulawa ta bayan kafaɗu, da wata gora mai dunƙulen dutse a kanta da ake kira gada. Wanda ya fi shahara cikin kayan Gama shi ne hasli, wani dutse mai rami a tsakiya, siffarsa kamar gammo, wanda yakan rataya a wuya yana tsugunawa yana miƙewa.

Nauyin wannan dutse ya kusa kilo 100, wato kwatankwacin buhun masarar da 'yan dako ke saukewa daga mota a kasuwar Dandume. Dutsen yana nan ajiye a gidan adana kayan tarihi na Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke birnin Patiala a Indiya.

Irin wannan aiki sai da ci. An ce abincinsa na yini ya haɗa da madara mai yawan gaske, da man shanu, da romon nama, da kaji, da niƙaƙƙen 'ya'yan almon. Wannan ne ya sa ɗan kokawar da ba shi da sarki ko attajiri a bayansa ba ya yin nisa.

Kamar kowane gwarzo, akwai labaran da aka ƙara wa gishiri a kansa. A gidan tarihi na birnin Baroda akwai wani dutse mai nauyin kilo 1,200 da aka rubuta cewa Gama ya ɗaga shi a watan Disambar 1902. Masu nazarin wasan ɗaga nauyi suna ɗaukar wannan labari da taka-tsantsan, ganin cewa sai a shekarar 2016 ne aka sami mutum na farko, Eddie Hall ɗan Birtaniya, da ya iya ɗaga ƙarfe mai kilo 500 daga ƙasa ya miƙe da shi.

Karawa da Rahim Bakhsh

Gama ba dogo ba ne, tsayinsa bai wuce santimita 170 da 'yan kai ba. A shekarar 1895, yana da shekaru 17, ya ƙalubalanci zakaran Indiya na lokacin, Rahim Bakhsh Sultaniwala, mutumin Gujranwala, wani ƙato da tsayinsa ya haura mita biyu, wanda kuma ya girme shi nesa ba kusa ba.

Kowa ya ɗauka za a yi wa yaron kaye ɗaya a tashi, amma sai aka tashi canjaras. Sun sake haɗuwa a shekarun da suka biyo baya, ba a sami wanda ya kayar da wani ba.

Zuwa shekarar 1910 Gama ya riga ya kayar da duk wani ɗan kokawa mai suna a Indiya da ya yarda ya kara da shi, in ban da Rahim Bakhsh. Daga nan ne hankalinsa ya koma ƙasashen waje.

Tafiya Landan

A cikin 1910 wani attajiri ɗan Bengal, Sharat Kumar Mitra, ya ɗauki nauyin tafiyar Gama da ƙanensa Imam Bakhsh da wasu 'yan kokawa biyu zuwa Ingila, tare da wani Bature mai shirya wasanni, R. B. Benjamin.

Da farko masu shirya wasa a Landan ba su kula shi ba, suna ganin ya yi gajarta ya kuma yi rashin nauyi. Sai Gama ya fitar da sanarwar cewa zai kayar da kowaɗanne 'yan kokawa uku cikin minti 30, komai nauyinsu. Ya kuma ambaci sunayen manyan zakarun zamanin, ciki har da Frank Gotch na Amurka da Stanislaus Zbyszko ɗan ƙasar Poland.

Wanda ya fara amsa kiran shi ne Benjamin Roller, wani likita Ba'amurke da ya yi suna a kokawa. Sun haɗu a watan Agusta a gidan wasa na Alhambra. Gama ya yi masa kayen farko cikin minti 1 da daƙiƙa 40, na biyu kuma cikin minti 9 da 'yan daƙiƙoƙi.

Ranar 10 ga watan Satumbar 1910 aka haɗa shi da Zbyszko a filin wasa na Shepherd's Bush, a kan kyautar fam 250 da ɗamarar da mujallar John Bull ta sanya. Zbyszko ya fi Gama nauyi sosai, amma ba a cika minti guda ba sai ga shi a ƙasa.

Ka'idar wasan ita ce sai an danne kafaɗun mutum biyu a ƙasa kafin a ce an kayar da shi. Don haka Zbyszko ya kifa ciki ya manne da shimfiɗa, ya ƙi tashi. Haka aka shafe fiye da sa'o'i biyu da rabi Gama na ƙoƙarin birkice shi, 'yan kallo na yi wa Zbyszko ihu, har duhu ya yi aka ɗage wasan.

Aka sa ranar 17 ga watan don a ƙarasa. Gama ya zo fage, Zbyszko bai zo ba. Aka ba Gama ɗamarar, kuma daga ranar ne mutanen ƙasarsa suka fara kiransa Rustam-e-Zaman, wato Rustam na zamani, da sunan gwarzon nan na tsofaffin labaran Farisa.

Wannan nasara ta wuce batun wasa. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna kwatanta Indiyawa da rauni da ragwanci, sai ga wani Musulmi daga ƙasar da suke mulka ya zo babban birninsu ya gagari ƙartin Turai. Watanni biyu kafin haka, baƙar fatar nan Jack Johnson ya doke Jim Jeffries a damben zamani a Amurka. A lokacin kuma shekaru bakwai kacal ke nan da Turawan suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi.

Da ya koma gida, Gama ya sake haɗuwa da Rahim Bakhsh a birnin Allahabad, a wannan karon ya yi galaba a kansa bayan gumurzu mai tsawo, ya karɓi kambun Rustam-e-Hind, wato zakaran Indiya.

Patiala, 1928

Bayan wannan Gama ya koma ƙarƙashin inuwar Sarkin Patiala, Maharaja Bhupinder Singh, wanda ya shahara da son wasanni. A 1916 ya kayar da Pandit Biddu, ɗaya daga cikin fitattun 'yan kokawar lokacin. A 1922 kuma Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 8, ya ba shi kyautar sandar azurfa yayin ziyararsa a Indiya.

Sai dai daga nan abokan karawa suka yi wuya. Shekaru suka yi ta wucewa babu wanda ya fito ya nemi kambun. Ga al'ada, duk mai son karawa da Gama sai ya fara wucewa ta kan ƙanensa Imam Bakhsh, kuma ba a samun mai wucewa.

A irin wannan lokaci ne ƙarfin 'yan wasa da dama ke zubewa. Babu wasa a gaba, shekaru sun haura 40, ga daular fada. A ƙasar Hausa ma, inda ake kokawa da kaka bayan an kawar da amfanin gona, da wuya a ga ɗan kokawar da ya kai waɗannan shekaru yana shiga fage. Galibi yakan koma gefe ya zama mai ba matasa shawara.

Gama bai bar akhara ba. Ya ci gaba da fita horo, yana kokawa da matasan da yake koyarwa, yana aiki da kulake da duwatsunsa, tamkar akwai wasa gobe.

A can Amurka shi ma Zbyszko bai ajiye ba. A 1921, bayan ya haura shekaru 40, ya kayar da Ed Lewis ya zama zakaran duniya a kokawar ƙwararru, ya kuma sake karɓar kambun a 1925 daga hannun Wayne Munn, wanda ya kusa zama ɗan cikinsa a shekaru.

Sarkin Patiala ne ya shirya sake haɗa su, shekaru fiye da 17 bayan abin da ya faru a Landan. An yi wasan a watan Janairun 1928, a fili na ƙasa irin na Indiya, gaban dubban 'yan kallo da suka haɗa da sarakuna da manyan jami'an mulkin mallaka. Dukansu biyu sun doshi shekaru 50.

Waɗanda suka zo da shirin kallon doguwar fafatawa ba su samu ba. Gama ya kama ƙafar Zbyszko, ya share ɗayar, ya maka shi da ƙasa, ya danne. Ba a cika minti guda ba aka gama.

Bayan shekara guda, a watan Fabrairun 1929, ya kara da wani Bature mai suna Jesse Petersen. Wannan ma minti ɗaya da rabi aka yi. Gama yana da shekaru 50 a lokacin, kuma wannan ce babbar karawarsa ta ƙarshe. Bai sanar da yin ritaya ba sai a 1952, yana da shekaru 74, kuma har zuwa lokacin babu wanda ya karɓe kambun daga hannunsa.

Rabuwar Indiya da Pakistan

A watan Agustan 1947 aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Yankin Punjab, mahaifar Gama, shi ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka rasa rayukansu a rikicin da ya ɓarke tsakanin Musulmi da mabiya addinin Hindu da na Sikh.

Gama ya koma Lahore da zama, a unguwar Mohni Road, inda yake maƙwabtaka da iyalai 'yan Hindu. Labarin da ya shahara a ƙasashen biyu shi ne, da masu tarzoma suka nufo unguwar, sai ya fito tare da 'yan kokawarsa ya tsaya a bakin layi ya tare su. An ce daga baya shi da kansa ya raka maƙwabtan nasa har kan iyaka, ya kuma ba su guzuri. Yana da shekaru 69 a lokacin.

Rabuwar ta yi masa tsada. Patiala ta faɗa ɓangaren Indiya, don haka albashi da ɗawainiyar fada suka yanke, mulkin sarakunan ma kansa ya kama hanyar shuɗewa.

Ƙarshen rayuwarsa

Gama ya ga jarrabawa a cikin gidansa tun kafin haka. 'Ya'yansa maza biyar duk sun rasu suna ƙanana, na ƙarshensu, Jalaluddin, a shekarar 1945 yana da shekaru 13.

Sai ya mayar da hankali ga 'ya'yan ƙanensa Imam Bakhsh. Babbansu a fagen kokawa, Bholu Pahalwan, ya zama zakaran Pakistan a 1949, kuma shi da 'yan uwansa, irin su Aslam da Akram da Goga, sun riƙe sunan gidan na tsawon shekaru. Akram ne ya kara da shahararren ɗan kokawar Japan, Antonio Inoki, a birnin Karachi a 1976.

A shekarunsa na ƙarshe Gama ya yi fama da ciwon zuciya da asma, ga kuma rashin abin hannu. An ruwaito cewa sai da ya sayar da wasu daga cikin kyaututtukan da ya samu a fage. Wani hamshaƙin attajiri ɗan Indiya, G. D. Birla, ya aika masa da rupi 2,000 ya kuma yanka masa rupi 300 a kowane wata, sannan gwamnatin Pakistan ta ba shi fansho ta kuma taimaka da kuɗin magani har zuwa rasuwarsa.

Tsohon abokin hamayyarsa Zbyszko ya rayu har zuwa 1967. Yana da kimanin shekaru 70 ya fito a wani fim na Turanci mai suna Night and the City, a matsayin tsohon ɗan kokawa, inda aka nuna shi yana fafatawa da wanda bai kai shi shekaru ba.

Abin da likitoci suka gano daga baya

A zamanin Gama, da ma shekaru da dama bayan rasuwarsa, shawarar da aka fi bai wa dattijo ita ce ya huta, ya guji ɗaukar abu mai nauyi. Ana ganin raunin tsufa abu ne da ba shi da makawa, kuma mutane irin su Gama wata baiwa ce ta daban da ba ta shafi sauran jama'a ba.

Gaskiya ne tsoka tana raguwa da shekaru. Masana sun ƙiyasta cewa bayan shekaru 30 mutum kan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, kuma abin yana ƙara sauri bayan shekaru 60. A 1989 wani likita Ba'amurke, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa wannan yanayi suna sarkofeniya.

Amma a 1990 Dakta Maria Fiatarone da abokan aikinta suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston. Sun ɗauki mutum 10 masu shekaru 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafafunsu sau uku a mako, nauyin da ya kai kashi 80 cikin 100 na iyakar abin da kowannensu zai iya ɗagawa.

Bayan makonni 8, ƙarfin ƙafafun mutum 9 da suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, biyu daga cikinsu kuma suka ajiye sandar dogarawa. Da aka dakatar da horon na makonni 4, sai kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya zube.

A ƙasar Ostireliya ma, wani bincike da Jami'ar Griffith ta gudanar kan mata 101 da suka daina al'ada, masu raunin ƙashi, ya nuna cewa waɗanda suka yi watanni 8 suna ɗaga ƙarfe mai nauyi sau biyu a mako, a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, ƙwarin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar cewa manya, har da waɗanda suka haura shekaru 65, su riƙa yin atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ga tsofaffi kuma ta ƙara da atisayen da ke haɗa ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana uku a mako, don rage haɗarin faɗuwa.

Wannan batu ya shafi yankunan noma irin su kudancin Katsina kai tsaye. Mutumin da ya shafe shekaru 40 yana noma da ɗaukar dami, ranar da 'ya'ya suka karɓe masa garma don girmamawa, yakan koma zaman tabarma gaba ɗaya. Bayan 'yan shekaru sai tashi daga sujada ya fara wuya, daga nan sai salla a zaune.

Likitoci dai suna bambanta horo da wahala. Dako da noma aiki ne da ba ya la'akari da gajiya ko ciwon baya, shi kuwa horo ana fara shi ne da nauyi kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, tare da ranakun hutu da isasshen abinci mai gina jiki. Suna kuma gargaɗin cewa mai hawan jini ko ciwon zuciya ko gwaiwa ya fara ganin likita kafin ya taɓa wani nauyi. Babu mai cewa dattijo ya rataya dutse mai kilo 100 a wuya. Tashi daga kujera sau goma ba tare da dafa hannu ba, shi ma baithak ne.

Rayuwar Gama kanta ta nuna iyakar abin. Horo ya riƙe masa ƙarfi har ya tsufa, amma bai hana shi ciwon zuciya ba.

Abin da ya bari

Sunan Gama bai ɓace ba. Tauraron fina-finan nan Bruce Lee ya karanta tsarin horonsa, ya kuma shigar da dand da baithak cikin nasa atisayen. Marigayiya Kulsoom Nawaz, matar tsohon Firayim Ministan Pakistan Nawaz Sharif, daga zuriyarsa ta fito.

Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun ga irin filin da ya tashi a cikinsa a fina-finan Dangal da Sultan, waɗanda suka fito a 2016. A ranar 22 ga watan Mayun 2022 kuma kamfanin Google ya sanya zanensa a shafinsa na farko, don tunawa da cika shekaru 144 da haihuwarsa.

A Lahore aka binne shi. A Punjab ta ɓangarorin biyu, idan yaro ya cika nuna ƙarfi, har yanzu da sunan Gama ake yi masa ba'a.